Tab ta yi kwantai: ƙoshin kasuwa ne ko ramar aljihu?

Duk wanda ya leƙa shagunan waya da ke kewayen Wunti a Bauchi zai lura da yadda ake jera kaya a cikin gilashi. Wayoyi ne a sahun gaba, Tecno da Infinix da itel da Redmi da Samsung, kwali kan kwali. Can sama ko can ƙurya sai ka hango kwalaye biyu ko uku masu faɗi, rana ta fara cinye launinsu. Waɗannan su ne kwamfutocin allo da kowa ke kira tab. Mai shago ba ya sauko da su sai an tambaya, in ma an tambaya, cinikin kusan hanya ɗaya yake bi.

"Tana ɗaukar sim?"

"Tana ɗauka, Alhaji, guda biyu ma."

"Ana kira da ita?"

"Ana yi, sai dai ka sa abin kunne ko ka buɗe sifika."

"To nawa za ka bari?"

Da an faɗi kuɗin, sai Alhaji ya jujjuya ta, ya gwada ta da aljihun gaban rigarsa, ya ajiye a kan gilashi, ya nuna wata waya mai faɗin fuska ya ce a miƙo masa waccan.

Mai shagon zai ce maka kasuwar tab ta mutu. Masu bin ƙididdigar kasuwannin duniya kuwa cewa suke yi ta ƙoshi, wato duk mai bukata ya riga ya saya. Daga bayan kanta abin iri ɗaya ne, kaya dai ya ƙi tashi. Amma kama da wane ba ta wane. Abin da ya kwantar da tab a Amurka da Turai daban, abin da ya kwantar da ita a Bauchi daban, kuma wanda bai raba su ba zai yi sarin da zai ɗaure masa jari, ko ya sayo wa makaranta kayan da za su zama tarkace kafin shekara biyu.

A watan Afrilun 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPad ta farko, mai fuska inci 9.7, a kan dala 499. Steve Jobs, shugaban kamfanin a lokacin, ya gabatar da ita a matsayin na'ura ta uku, tsakanin waya da laftof. A lokacin maganar ta zauna, domin fuskar iPhone inci 3.5 ce kacal, laftof kuwa ga nauyi ga shan batir. Sai kowa ya ruga. Samsung ya fito da Galaxy Tab, Amazon ya karya farashi da Kindle Fire a dala 199 a 2011, Google ya biyo da Nexus 7 a 2012, masana'antun Shenzhen da ke Chaina kuma suka cika duniya da ƙananan tab marasa suna. Tun a wannan rububin wasu suka ƙone hannu. HP ya janye TouchPad ba ta cika wata biyu a kasuwa ba, ya karyar da ragowar a dala 99. Microsoft ya lissafa asarar dala miliyan 900 a 2013 a kan Surface RT da ta ƙi sayuwa.

A ƙididdigar kamfanin IDC mai bin sawun kasuwar na'urori, 2014 ce ƙololuwa, an fitar da tab kusan miliyan 230 a faɗin duniya. Daga nan sai gangara: kusan miliyan 207 a 2015, kusan miliyan 175 a 2016, zuwa 2019 an sauko wajen miliyan 144. Annobar korona ta ɗan ɗaga ta, saboda kullen da ya mayar da aji da ofis cikin gida, aka ga miliyan 164 a 2020 da kusan 169 a 2021. A 2023 ta faɗo miliyan 128 da rabi, adadin da ba a ga ƙasa da shi ba tun 2011, sannan ta farfaɗo zuwa kusan miliyan 148 a 2024. Apple kansa ya sayar da iPad miliyan 71 a shekarar lissafinsa ta 2013, a ta 2018 kuwa bai kai miliyan 44 ba, kuma a ƙarshen 2018 ɗin ya daina bayyana adadin na'urorin da yake sayarwa. Ɗan kasuwa ba ya daina faɗin yawan cinikinsa lokacin da cinikin ke hawa.

Mutane da dama suna ɗaukar waɗannan alƙaluma a matsayin shaidar cewa an daina son tab. Lissafin ƙoshin kasuwa ba haka yake tafiya ba. Mu ɗauki misali da unguwa mai gida 1,000, wadda gida 600 a cikinta ke da hali da sha'awar mallakar tab. Shekarar farko gida 100 suka saya, ta biyu 200, ta uku 250. A shekara ta huɗu gida 50 kawai suka rage. Daga nan mai shagon unguwar ba shi da sabon mai saye, sai wanda tasa ta lalace ko ta tsufa. In kowane gida yana canzawa bayan shekara uku, cinikinsa 200 ne a shekara. In sai bayan shekara shida, 100 ne. Duk gidaje 600 ɗin nan suna amfani da tab kullum, babu wanda ya yar da tasa, amma ciniki ya faɗo daga 250 zuwa 100. Wato bayan ƙoshi, ciniki shi ne yawan masu na'urar a raba da shekarun da take yi a hannu. Wanda ya gina masana'anta ko ya ƙara shago da lissafin shekara ta uku, shi ne ke kwana da kaya.

Ita kuwa tab daɗewa take yi, kuma wannan ne abin da masu ƙera ta ba su hango ba. Sun zaci za a riƙa canza ta kamar waya. A Amurka a wancan lokaci kamfanonin layi ne ke ba mutum waya da rangwame a kan yarjejeniyar shekara biyu, da ta cika sai a miƙo masa sabuwa. Akasarin tab ba su cikin wannan tsari, da kuɗinka kake saye lakadan. Sannan waya tana aljihu, tana faɗuwa a titi, tana shiga ruwa, ana cajin ta sau ɗaya ko biyu a rana. Tab tana kan kujera a falo, ana kallon bidiyo da karatu, ayyukan da ba sa bukatar sabon inji. Batirin litiyam yana yin zagayen caji wajen 500 kafin ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 80 cikin ɗari. Wayar da ake caji kullum za ta cinye wannan a ƙasa da shekara ɗaya da rabi, tab ɗin da ake caji sau biyu a mako sai ta kusa shekara biyar. iPad Air 2 da ta fito a 2014 ta ci gaba da samun sabuwar manhaja har zuwa ta 2021. In ma uba ya sayi sabuwa, tsohuwar tana komawa hannun yara, ta toshe cinikin da da an yi.

Ana cikin haka sai waya ta girma. Samsung ya fitar da Galaxy Note mai inci 5.3 a 2011 ana yi masa dariya, a watan Satumban 2014 Apple ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai inci 5.5, a daidai shekarar da tab ta kai ƙarshen hawanta. Yau wayar talaka ma inci 6.5 ce zuwa 6.8. Akwai wani lissafi a nan da ke bayyana wace tab ce ta fara mutuwa. Incin da ake rubutawa a kwali awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa. In aka auna faɗin filin fuskar gaba ɗaya, waya mai inci 6.7 tana da kusan murabba'in inci 17, tab mai inci 7 tana da kusan 22, mai inci 10.1 kuwa tana da kusan 46. Ƙaramar tab ta fi waya da kashi ɗaya cikin uku ne kawai, wanda bai isa ya sa mutum ya riƙa ɗaukar na'ura biyu ba. Babbar ta kusa ninka waya sau uku, shi ya sa ita ta rayu. Irin su Tecno DroiPad da aka yi yayinsu a nan, waɗanda ake karawa a kunne kamar faifai, 'yan uwansu ne suka cinye su: wayoyin Spark da Camon da Infinix Hot da Note.

Masu rubuta manhaja ma ba su taimaka ba. Shekaru da dama akasarin manhajojin Android a kan tab na waya ne aka miƙe su, rubutu ya yi gefe, fili ya zauna fayau. WhatsApp, wanda shi ne rabin intanet a wajen mutanenmu, bai fitar da manhajar iPad ba sai a watan Mayun 2025, shekara 15 bayan fitowar na'urar. Google da kansa ya sanar a 2019 cewa ya daina ƙera tab, sai a 2023 ya dawo.

Martanin kamfanonin shi ne irin na duk wanda masu sayensa suka ƙare: tunda ba za a sayar da da yawa ba, a sayar da mai tsada. Apple ya fito da iPad Pro mai inci 12.9 a 2015 a kan dala 799, aka ƙara alƙalami da allon bugun rubutu da ake saye daban, aka fara tallar tab a matsayin magajiyar laftof. Hawan lokacin korona kuwa rance ne aka ci daga shekarun gaba. Wanda da zai saya a 2023 ya riga ya saya a 2020, shi ya sa faɗuwar 2023 ta yi tsanani, har Apple bai fitar da ko iPad ɗaya sabuwa ba a wannan shekara, karo na farko tun 2010. Abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awe. Kwamfuta ta kai ƙololuwarta tun 2011, waya ta kai tata a 2016 da kusan biliyan 1.47, a 2023 ta sauko wajen biliyan 1.17. Tab ce dai ta yi wannan tafiya da sauri, cikin shekara huɗu.

To, a dawo gida. Shin kasuwar Bauchi ta ƙoshi? Akwai hanyar ganewa da ba ta bukatar ƙididdiga. A kasuwar da ta ƙoshi, ko an karya farashi kaya ba ya motsi, don mai saye yana da irinsa a gida, kuma tsofaffin na'urori suna yawa har su rasa daraja. A kasuwar da kuɗi ne babu, da an sauke farashi kaya yake tashi, tsohon kaya yana riƙe kuɗinsa, bencin mai gyara kuma ba ya rabuwa da layi. Duk wanda ya san Wunti ko shagunan Yelwa da Gwallameji, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke hada-hada, ya san wace ce tamu. Akasarin gidaje a nan ba su taɓa mallakar tab ba, balle a ce sun ƙoshi da ita.

Dala ce farkon magana. Kusan duk tab ɗin da ke kasuwa a nan da dala aka shigo da ita. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Bayan an saki naira a watan Yunin wannan shekara, zuwa 2024 ta haura 1,500. Tab ɗin dala 100 da ke sauka a naira 75,000 ta koma 150,000 kafin a sa kuɗin jirgi da kwastan da harajin kaya na kashi 7.5 da motar Legas ko Kano da ribar dila. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da tsadar abinci sun riga sun cinye ƙarin. Magidanci yana da jerin abin da zai saya in kuɗi ya shigo: waya tukuna, sai fawa bank, sai fanka mai caji ko ƙaramar sola, sai laftof in akwai ɗalibi a gida. Tab tana ta biyar, kuɗin kuwa a ta biyu yake ƙarewa.

Ko da kuɗin ya kai, tab ta zo ne da tunanin gidan da ke da wuta da intanet na Wi-Fi, gidan da ba namu ba. Mai araha a cikin samfuran manyan kamfanoni galibi ba ta ɗaukar sim, sai an jona ta da waya, wayar ta yi zafi, batirinta ya zube, data ta tafi ta hanya biyu. Babbar fuska tana jan bidiyo mai kauri, kuma kallo a 720 yana cin kusan ninki biyu na datar da 480 ke ci, ga shi hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. iPad ko mai sim ce ba ta da wajen buga lamba, don haka ba a kira na layi da ita, ba a danna lambobin tura kuɗi na banki. A garin da tiransifa ta zama kuɗin cefane, wannan kaɗai ya isa ya sa a ajiye ta.

Sai wuta. Batirin tab mai mAh 7,000 yana ɗaukar kusan wat 27 na awa guda, da cajar wat 10 da ke zuwa a kwalin masu araha sai ya yi awa uku da rabi zuwa huɗu kafin ya cika. Fawa bank mai 10,000 ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, wani kaso yana tafiya a zafi, don haka zai cika tab sau ɗaya ne da ƙyar, alhali zai cika waya mai 5,000 sau ɗaya har da ɗan ragowa. Wanda ya ga watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta, ya ga abin da mutane suka kai wajen mai caji: waya da fitila. Babu wanda ya bi layin janareta don tab.

A wajen gyara ne abin ya fi fitowa fili. Ka ga yarinya ta kawo tab ɗin ƙaninta a leda, gilashi ya tsage daga kusurwa, ta ce, "Yaya, Umma ta ce a duba nawa ne." Mai gyara zai ɗaga gilashin ya nemi lambar da ke jikin siririn igiyar da ke haɗa tachi, wato gilashin da ake taɓawa, da fanel, wato allon injin da ke ciki. A tab masu araha tachi daban ne sikirin daban, wanda da alheri ne, don tachin kaɗai za a canza. Matsalar ita ce marasa sunan nan iri-iri ne ba iyaka, biyu za su yi kama a ido amma lambar igiyarsu ta bambanta. Sai ya ɗauki hoton lambar ya tura wa abokin hulɗarsa a Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, a yi kwanaki ana jira, sau da yawa amsar ita ce babu. Sikirin ɗin Spark ko Hot kuwa yana cikin durowarsa, awa guda ya gama. A manyan tab da aka manne gilashi da sikirin wuri ɗaya, kuɗin canji yakan kai inda mutum zai gwammace ya ɗan ƙara ya sayi waya.

Ciwo na biyu bakin caji ne. Yaro yana kallo caja na jiki, yana jingina tab ɗin a cikinsa, nauyinta yana lanƙwasa kan cajar, a hankali bakin ya ɓalle daga fanel, wani lokaci har da layukan tagullar da aka like shi a kai. Tsohon bakin nan na maikiro ya fi saurin wannan, Type-C ya fi juriya. Ƙurar hunturu kuma tana dunƙulewa a ciki har caja ta ƙi zama, mai ita ya zaci bakin ne ya mutu, alhali tsinken sakace zai fitar da ita. Kada a sa allura, ƙarfe yana haɗa ƙafafun ciki. Na uku shi ne tsayawa a kan tambarin kamfani in an kunna. Wani lokaci manhaja ce, filashin, wato sake zuba mata manhaja, zai tashe ta, amma marar suna sai an sami fayil ɗin da ya dace da lambar fanel ɗinta daidai, in aka sa na wata sai fuska ta yi fari ko tachi ya daina ji. In kuwa ƙwayar ajiyar ce ta gaji, an gama.

Shi mai shago lissafinsa a juyawar jari yake. A ɗauki misalin mai naira miliyan ɗaya da rabi. In ya saro tab 10 a 150,000 yana cin 10,000 a kowace, suka ɗauki wata uku kafin su ƙare, ya ci 100,000. In ya saro waya 15 a 100,000 yana cin 5,000 kawai, amma suna ƙarewa duk mako biyu, a wata ukun ya juya kuɗin sau shida, ya ci 450,000. Ribar guda ɗaya ba ita ce magana ba. Ƙari a kan haka, tab ɗin da ke zaune ba ta zaune lafiya. Sabon samfuri zai fito ya karya mata farashi, in naira ta ɗan farfaɗo wanda ya saro bayansa zai sayar ƙasa da shi, kuma batirinta yana tsufa a cikin kwali. Litiyam ba ya son zafi, Apple ma iyakar da ya ba na'urorinsa digiri 35 ne, shagon kwano a Bauchi a watan Maris da Afrilu kuwa ya wuce nan. Batirin da ya zube ƙasa ya daɗe a haka yana iya ƙin karɓar caji, ko ya kumbura ya ɗago sikirin daga gefe. Wanda ke da kwantai ya sauko da shi daga saman shago inda zafi ke taruwa, ya kawar da shi daga gilashin da rana ke bugu, waɗanda kwalinsu ke buɗe kuma ya riƙa kai cajinsu rabi duk bayan wata uku. Mafi sauƙi dai shi ne abin da masu wayo suka koma yi: a ajiye ɗaya ta nuni, in an sami mai so ya ba da kafin alƙalami a sa dila ya ɗoro a mota daga Kano.

Inda ƙoshin can ya haɗu da yunwar nan shi ne kayan gwanjon da ake kira Landan yus. Tab ɗin da ta yi shekara shida a falon wani a Ingila, ko wadda makaranta ko kamfani suka sallama, ita ce ke sauka a nan da farashi mai daɗi. Akwai na ƙwarai a ciki, amma tarkon yana da yawa. iPad 2 da 3 da mini ta farko sun tsaya a iOS 9 (lambar manhajar Apple), iPad 4 a 10, Air ta farko da mini 2 da 3 a 12. Jikinsu garau, amma WhatsApp yana neman iOS 15.1 ko sama, manhajojin banki da dama ma ba za su sauka ba. Amazon Fire ba ta zuwa da Play Store. Wadda aka yi wa layin Amurka tana iya zuwa a kulle, ko ta rasa zangon 4G da layukanmu ke amfani da su, wato 3 da 7 da 20 da 28, sai ka sa sim ta maƙale a 3G.

Kafin a biya, a sa mai kaya ya goge ta gaba ɗaya a gabanka, a jona ta da intanet, a bi matakan kunnawa har ƙarshe. In ta nemi asusun iCloud ko na Google na tsohon mai ita, ko ta nuna tana ƙarƙashin kulawar wata makaranta ko kamfani, a bar ta, duk alkawarin "za a cire" da za a yi. A kwantar da ita a kan gilashi a danna kusurwoyi, in tana rawa ko gefen sikirin ya ɗago, batir ya kumbura. A kama alamar wata manhaja da yatsa a zagaya da ita ko'ina a fuskar, inda ta kuɓuce nan tachi ya mutu. A kunna bidiyo na rabin awa: lafiyayyen batir zai sauka da kashi 5 zuwa 8, in ya wuce 15 a sa kuɗin sabon batir a cikin tayi.

Sababbi a kwali ma ba su tsira ba. Akwai marasa sunan da ake rubuta wa ram (ƙwaƙwalwar aiki) giga 16 da ma'ajiya tera guda a farashin ƙaramar itel. An gyara rubutun cikin saitin ne ya faɗi haka, ainihin abin da ke ciki bai wuce giga 2 da 16 ko 32 ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a tura mata bidiyo da suka haura giga 40 sannan a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A kuma shiga saitin Play Store a duba ko Google ya tantance na'urar. Ko a kayan kamfanonin kirki, in an rubuta "4+4", huɗun farko ne ram na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya, ba ya da saurin na farkon. Abin da ya cancanci kuɗin mutum yau shi ne ram giga 4 na gaske, ma'ajiya 64, bakin Type-C, fuska inci 10 ko sama, da sunan da masu gyaran garin ke da kayansa.

Masu sayen da suka rage ba su da yawa, amma sanannu ne. Malamin da ke karanta littattafan Larabci masu ƙananan haruffa, dattijon da ido ya fara gajiya yana son Alƙur'ani da manyan baƙaƙe, tela mai nuna wa mata ɗinki, iyaye masu son raba yaro da wayarsu. Ɗalibin jami'a galibi tsohuwar HP ko Dell yake zaɓa, don firojet da allon bugun rubutu ake yin sa, jarrabawar JAMB ma tun 2015 a kan kwamfuta ake zana ta. Babban mai saye a Najeriya hukuma ce: na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da INEC ta yi zaɓen 2023 da ita dangin tab ce, haka na masu rajistar sim da na ma'aikatan lafiya masu tattara bayanai a ƙauyuka, kuma tun 2013 jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban sakandare tab a shirinta na Opon Imo. Irin wannan saye na kwangila ne, dubbai a lokaci guda daga Abuja ko Legas, ba ya bi ta gilashin mai shago a Wunti.

Makaranta mai zaman kanta ko Islamiyyar da ke tunanin tab 40 don aji guda, kuɗin sayen shi ne ƙaramin lissafinta. Cika su duka daga ƙasa yana cin kusan kilowat ɗaya da rabi na awa guda in an haɗa da abin da ke salwanta, wanda faifan sola biyu masu wat 300 za su iya bayarwa a ranar Bauchi, in an tsara cajin da rana a ɗaki mai iska. A sa darussa a katin ajiya yadda ba sai da data ba, a sa wa kowace riga mai kaurin kusurwa da gilashin kariya tun ranar farko, a ware kuɗin canza batir a shekara ta uku. Duka arba'in ɗin su zama samfuri ɗaya, da huɗu ko biyar na ajiya, yadda wadda ta mutu za ta zama kayan gyaran 'yan uwanta. A kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa mai kawo kayan zai haɗo da sikirin biyar, tachi biyar da batir biyar na wannan samfurin. In ya kasa samo su yau da samfurin ke kasuwa, baɗi a Farm Centre ma ba za a same su ba.